Yadda ake bin sawun tsohuwar magudanar injin niƙa na ruwa

Kafin zuwan fetur da lantarki, ruwan kogi ne ke juya dutsen niƙa a ƙasashe da dama. Ƙidayar dukiyar da aka yi a Ingila a shekarar 1086 ta lissafa irin waɗannan injina fiye da 5,000. Akasarin gine-ginen sun rushe, amma hanyar ruwan takan rage.

Da farko nemi tsohuwar taswirar yankin. In ka ga wani siririn reshe ya rabu da kogi, ya yi tafiya, ya sake komawa cikinsa, to mai yiwuwa aikin hannu ne. Ka je lokacin da ruwa ya ja baya, ciyawa ta kwanta, kuma da izinin mai filin.

Na biyu, fara daga sama, wurin madatsa. Jerin duwatsu ne ko katanga da aka gitta a kogi don ruwa ya taru ya shiga magudana. Kada ka taka kanta. Ruwan da ke gindin madatsa juyawa yake yi, yakan riƙe ko gwanin iyo.

Na uku, bi magudanar da ƙafa, kana kwatanta ta da kogin, don a nan dabarar take. Kogi na gangarawa yadda ya ga dama, ita kuwa an haƙa ta ne ta bi gefen tudu, tana sauka kaɗan-kaɗan. Kana tafiya za ka ga kogin yana ƙara yin ƙasa, ita tana nan a sama. Wannan tazarar, haɗe da yawan ruwan, ita ce ƙarfin injin. Inda magudanar ta cike da laka, duba ciyawar da ta fi sauran kore a layi ɗaya, ko sahun itatuwan da ke son damshi.

Na huɗu, ƙofar ruwa. Katakon ya daɗe da ruɓewa, sai dai za ka tarar da tsaga biyu a jikin dutse suna kallon juna, inda ake zura shi. Wani lokaci akwai guntun ƙarfe mai haƙora, wanda ake murɗawa a ɗaga ƙofar. Nemi ƙofa ta biyu a gefe; ita ke mayar da rarar ruwa kogi ranar ambaliya.

Na biyar, ramin da wili yake juyawa, wato babbar ƙafar da ruwa ke turawa ta juya dutsen niƙa. Auna zurfinsa daga bakin magudana. In tazarar ta yi mita da yawa, ta sama ruwa ke zuba wa wilin. In kaɗan ce, ta ƙasa yake tura shi. Gwajin John Smeaton, wani injiniyan Ingila, na 1759 ya nuna na sama ya ninka na ƙasa wajen cin moriyar ruwa. Rumawa sun riga shi amfani da dabarar: a Barbegal, kusa da Arles a Faransa, sun jera wili 16 a gangaren tudu, kowanne na miƙa wa na ƙasa ruwa.

Daga ƙarshe, ɗauki hotuna da sandar awo a gefe, ka zana wurin, ka kai wa hukumar adana kayan tarihi. Kada zumuɗin gyara ya ɗebe ka. Tumɓuke itace da saiwarsa na iya zubar da katanga, gara a sare shi a bar kututturen. Siminti kuma bai dace da ginin da aka yi da farar ƙasa ba: yana kulle damshi a ciki, dutse ya riƙa farfashewa.