Yadda Ake Fara Wasan Baldur's Gate

Kamfanin BioWare na Kanada ya ƙirƙiri wasan kwamfuta na Baldur's Gate, wanda ya fito a 1998, kuma har yau masoyansa ba su rabu da shi ba, sai dai yana ba sabon shiga wuya. Ka nemi wanda kamfanin Beamdog ya sabunta a 2012, domin shi ya fi dacewa da kwamfutocin zamani.

Idan ka bar Candlekeep, wurin da wasan ke farawa, kada ka yi tafiya kai kaɗai, domin kyarkeci guda yana iya kashe jaruminka. Ka tara abokan tafiya har ku cika shida, ka ba mafi yawansu kwari da baka. Da zarar faɗa ya kaure, ka tsayar da wasan, ka ba kowa umarni a natse, wanda a ganina nan daɗinsa yake. Lambar sulke kuwa, wato lambar da ke nuna ƙarfin kariyar jarumi, gwargwadon ƙanƙantarta, gwargwadon kariyarta.