Kurakuran da aka fi yi da kalmomin Turanci na cin amanar aure da soyayya

Kuskuren da ya fi yawa a rubutun matasanmu a Facebook da WhatsApp shi ne barin kalmar "on" bayan "cheat". Idan mace ta rubuta "he cheated me", mai jin Turanci zai ɗauka an cuce ta a ciniki ko an cinye mata kuɗi, alhali abin da ke damunta shi ne mijinta ko saurayinta yana neman wata a bayan idonta. Daidai shi ne "he cheated on me". Idan kuma ana son ambaton wadda aka ci amanar da ita, sai a kawo "with", domin "on" tana nuna wadda aka zalunta, "with" kuwa tana nuna abokiyar laifin, kuma musanya su yakan mayar da mai gaskiya mai laifi.

Wanda ya fi wannan muni shi ne kiran kishiya "side chick". Wannan kalma ta bakin titi tana nufin budurwar da namiji yake ɓoyewa a waje, wato farka. Matar da aka biya sadakinta, aka ɗaura aurenta a gaban shaidu, Turanci yana kiranta "co-wife" ko "second wife", kuma jifanta da waccan kalma cin mutunci ne ko da cikin zafin kishi aka furta. Haka "mistress" tana nufin macen da magidanci ya daɗe yana hulɗa da ita ba tare da aure ba, don haka ba ta dace da amarya ba.

Ana kuma ɗaukar "adultery" a matsayin zina kowace iri. Ba a amfani da ita sai in aƙalla ɗaya daga cikin mutanen biyu yana da aure, kuma kalma ce ta kotu da wa'azi, ba ta hira ba. Ya kamata a kiyaye sosai kafin a jingina ta ga wani a rubuce, tunda a Musulunci ƙazafi laifi ne mai haddin bulala 80. A hirar yau da kullum an fi cewa "affair" idan hulɗar ta ɗauki lokaci, "fling" idan ta 'yan kwanaki ce, sai "two-timer" ga mai yaudarar mutum biyu a lokaci guda, ko da babu aure a tsakani.

Akwai tsohuwar kalma "cuckold" da wasu ke ɗauka ita ce kwarto. Ma'anarta akasin haka ce, domin mijin da aka ci amanarsa take nufi, kuma tana ɗauke da gori mai zafi. Wanda yake son ambaton kwarton sai ya ce "her lover".