Yankan tikitin jirgin ƙasan Haramain tun daga Gombe

In za ka Umra, kada ka bari sai ka sauka Jidda kafin ka yanki tikitin Haramain, jirgin ƙasan da ke zirga-zirga tsakanin Makka da Madina. Tun kana gida, sauke manhajar HHR Train a wayarka.

Fara da zaɓar tasha, sannan rana da lokaci. Makka zuwa Madina kilomita 450 ne, tafiyar kusan awa biyu da rabi.

Buɗe fasfo a gabanka, ka kwafi suna da lamba harafi bayan harafi. Nan mutane ke tafka kuskure.

Wajen biya ne rigimar take. Sau biyu katina na naira ya ƙi, sai da na ari na dala wurin yayana a Tudun Wada.

Tikitin zai shigo ta imel. Ɗauki hotonsa ka ajiye, don intanet kan yi gardama a tasha. In da azumi ne kuwa, yi da wuri, kujeru ba sa jira.