Yadda Ake Lissafin Kuɗin Bindigar Alfarma Kafin A Taya

A Kaduna ta yau, idan aka ambaci bindiga, abin da ke fara zuwa zuciya shi ne hanyar Birnin Gwari da labarin waɗanda aka sace, ba gwanintar maƙeri ba. Duk da haka akwai wasu 'yan tsiraru a garin, galibinsu tsofaffin hafsoshi da maharba masu hali da waɗanda suka taso suka tarar da bindigar uba ko ta kaka a gida, waɗanda ke kallon bindigar farauta mai baki biyu ƙirar Landan da irin idon da mai doki ke kallon ingarma ranar hawan Sallah. Saboda su aka yi wannan bayani, kuma batunsa kuɗi ne: nawa abin zai ci tun daga ranar da ka taya har ranar da zai bar hannunka.

Farashin da ka gani a rubuce shi ne mafi sauƙin sani a cikin lissafin, shi ya sa bai kamata a fara da shi ba. A fara da doka, domin ita ce ke faɗa maka ko akwai abin da za a lissafa ma tun farko. Dokar Bindigogi ta 1959, wadda har yanzu ake aiki da ita, ta raba bindigogi gida uku. Gida na farko ya ƙunshi makaman yaƙi da bindigogin soja da ƙananan bindigogin hannu irin su fistol da libarba, kuma ba a riƙe su sai da lasisin Shugaban Ƙasa. Gida na biyu shi ne na bindigogin farauta da na wasan harbi, waɗanda lasisinsu ke hannun Sufeto Janar na 'yan sanda. Na uku shi ne na bindigar toka da ake ɗura wa albarushi ta baki, irin wadda 'yan bindigar sarki ke harbawa a hawan Zazzau, wadda izininta ke hannun kwamishinan 'yan sanda na jiha. Riƙe bindiga ta gida na farko ba tare da lasisi ba laifi ne da hukuncinsa bai gaza ɗaurin shekara 10 ba.

Ma'anar wannan ga mai sha'awar tarawa ita ce rabin duniyar da yake gani a intanet a rufe take gare shi. A 2021 gidan gwanjo na Bonhams ya sayar da libarba ƙirar Colt da jami'in tsaron Amurka Pat Garrett ya harbe shahararren ɗan bindiga daɗi Billy the Kid da ita a kan kuɗi sama da dala miliyan 6, sannan a 2022 wasu libarba biyu na Ulysses Grant, tsohon shugaban Amurka, suka haura dala miliyan 5 a gidan gwanjo na Rock Island. Waɗannan labarai ne na jin daɗin kunne kawai ga mutumin Unguwar Rimi ko Malali, ko da kuwa yana da kuɗin. Abin da ya rage masa shi ne bindigar farauta, kuma ko ita ɗin, a watan Agustan 2023 muƙaddashin Sufeto Janar na lokacin, Kayode Egbetokun, ya bayyana cewa an dakatar da bayar da sabon lasisi saboda yawaitar makamai a hannun jama'a. Saboda haka kuɗin farko da za ka kashe na lauya ne, wanda zai rubuta wa hedikwatar 'yan sanda ya samo maka matsayin da ake ciki a rubuce. Duk dillalin da ya ce maka a bar masa batun takarda, shi ya san hanya, to ka tashi daga wurin ko shayin da aka zuba maka bai huce ba.

Idan an wuce wannan mataki, sai a san abin da ake biya wa kuɗi. Sunayen da ke riƙe da wannan kasuwa ba su da yawa: James Purdey da aka kafa a Landan a 1814, da Holland & Holland ta 1835, da Boss, da Westley Richards ta Bamingam ta 1812, sai Beretta ta Italiya wadda tarihinta ya koma 1526, kuma ita ce ta sayi Holland & Holland a 2021. Sabuwar bindiga ta ajin farko daga irin waɗannan gidaje na Landan tana haura fam dubu 100, kuma wanda ya ba da oda yakan jira wajen shekara biyu. Dalilin tsadar ba ƙarfin harbi ba ne, domin bindigar Turkiyya mai arha tana kashe zabo kamar yadda ta Purdey ke kashe shi. Aikin hannu ake saya. Mutum ɗaya ne ke haɗa bututun, wani ya zauna kan kunama da makullinta, wani ya sassaƙa gindin daga katakon gyadar Turai wanda aka busar shekara da shekaru, aka kuma yanka daidai tsawon hannun mai ita da faɗin kafaɗarsa, sannan mai zane ya shafe makonni yana tona ado a jikin ƙarfe da ɗan ƙaramin kurfi. Zanen kaɗai, idan na fitaccen gwani ne, yana iya ƙara dubban fam a kan farashin.

Wannan ne ya sa mafi yawan masu tarawa ke komawa ga tsofaffin bindigogi a gidajen gwanjo irin su Holts da Bonhams, inda ake samun ƙirar gidajen nan da kaso kaɗan na kuɗin sabuwa. A nan ne kuma ake yawan cin kasuwar baƙo, don haka zan ɗan tsaya.

Kafin ka taya, ka biya gwanin da ba shi da alaƙa da mai sayarwa ya duba maka abubuwa kaɗan, ya kuma ba ka sakamakon a rubuce. Na farko shi ne hatimin gwaji. A Ingila akwai gidajen gwajin bindiga guda biyu, na Landan wanda asalinsa ya koma 1637 da na Bamingam na 1813, kuma laifi ne a can a sayar da bindigar da cikin bututunta ya faɗaɗa fiye da ma'aunin da aka buga mata hatimi a kansa. Na biyu shi ne kaurin jikin bututun, domin duk lokacin da aka goge tsatsa daga ciki ana cin ƙarfe ne, kuma masana sukan guji bututun da kaurinsa ya gaza kashi 20 cikin dubu na inci. Na uku shi ne tsawon ɗakin harsashi: yawancin tsofaffin bindigogin Ingila an yi su ne don harsashi mai milimita 65, alhali wanda ya fi yawa a kasuwa yanzu mai milimita 70 ne, kuma cusa dogo a gajeren ɗaki ganganci ne da rai. Sai a duba ko an taɓa yanke bututun asali an dasa sabo, ko an sauya gindin, ko an sake rina ƙarfen. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan gyare-gyare yana rage daraja sosai ko da ya ƙara wa bindigar kyan gani, kamar yadda tsohuwar alkyabbar gado ke rasa ƙimarta idan tela ya sauya mata aiki da zaren zamani. A ƙarshe, a ɗauki lambar da ke jikinta a tura wa kamfanin da ya ƙera ta. Manyan gidajen nan suna riƙe da littattafan odarsu na fiye da shekara ɗari, kuma da ɗan kuɗi kaɗan za su faɗa maka shekarar da aka yi ta da yadda ta fito daga hannunsu. Labarin da dillali zai ba ka cewa wani Razdan ko wani basarake ne ya riƙe ta, idan babu takarda, kada ka biya masa ko sisi.

Yanzu ga lissafin kansa, da alƙaluman misali don a ga yadda yake tafiya. A ce an buga maka gudumar gwanjo a kan fam 8,000. Gidan gwanjo zai ɗora la'adarsa ta mai saye, wadda a Ingila takan kai kashi 25 cikin ɗari, wato fam 2,000, sannan harajin sayayya na kashi 20 cikin ɗari ya hau kan la'adar, wato fam 400. Ka ga tun bindigar ba ta motsa daga inda take ba ta zama fam 10,400. Idan aka ƙaddara fam ɗaya a kan naira 2,000, kuɗin ya kai naira miliyan 20 da dubu 800. Dole ne kuma a bar sarari saboda canji, domin wanda ya yi lissafinsa a farkon 2023, lokacin da dala ke kusan naira 460 a farashin gwamnati, ya ga yadda ta haura 1,500 a 2024 bayan an saki naira. Mai hankali yakan tanadi kuɗin wajen a hannu kafin ranar gwanjo, ya kuma rubuta iyakar da ba zai wuce ba bayan ya cire la'ada, saboda zafin gasa da wani mai tayi yakan sa mutum ya manta da ita.

Daga nan sai kuɗin hanya, wanda ba ya da tsayayyen adadi. Gidan gwanjo ba zai miƙa maka bindiga ka sa a jaka ba. Sai ta bi ta hannun dillali mai rajista, da lasisin fitarwa daga ƙasar da take, da izinin shigowa daga namu ɓangaren, da takardar shaidar mai amfani na ƙarshe daga ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Tsaro, da kamfanin dakon da ya yarda ya ɗauki makami, da inshorar tafiya, da kuɗin kwastan. Duk watan da takarda ɗaya ta makale, ana caje ka kuɗin ajiya a can. Wani lokaci ma ƙasar da abin yake ce ke hana shi fita: a Yulin 2024 an sayar da fistol biyu na Napoleon, tsohon sarkin Faransa, a can Faransa a kan kusan yuro miliyan 1.7, amma gwamnatin ƙasar ta riga ta ayyana su a matsayin dukiyar ƙasa ta hana fitar da su. A ganina, wanda ke zuwa Ingila a kai a kai ya fi masa sauƙi da kwanciyar hankali ya bincika yiwuwar barin bindigar a ma'ajiyar dillali mai rajista a can bisa dokokinsu, yana biyan kuɗin ajiya na shekara, maimakon ya ɗaura wa kansa wahalar shigo da ita.

Idan kuwa ta iso, ko kuma tun asali tana gida da halastaccen lasisinta, to yanayin Kaduna zai karɓi nasa kason. Daga Mayu zuwa Oktoba laimar damina tana sa ƙarfe tsatsa, har sawun yatsa ɗaya da aka bari a jikin bututu yakan zama tabo cikin 'yan kwanaki. Daga Nuwamba kuma bushewar hunturu tana tsotse katako, ta sa shi ya tsuke ya tsage a daidai wuyan gindin inda ya fi siriri, ƙura kuma ta haɗu da mai ta zama kamar yashi a cikin makullin. Saboda haka a sa kuɗin akwatin ƙarfe mai kauri wanda aka kafe a bango, da abin tsotse laima, da ma'aunin laimar ɗaki, da man da aka yi musamman don wannan aiki. Kada a ajiye ta a cikin jakarta ta fata, domin fata tana riƙe danshi. Na taɓa ganin wata tsohuwar mai baki biyu a gidan wani dattijo, an shafe ta da baƙin man mota tun daga baki har gindi da niyyar kariya, man ya ratsa katakon ya ruɓar da shi, ya cinye fiye da rabin darajarta. Gyaran irin wannan ba aikin maƙerin unguwa ba ne, duk da gwanintarsa, kuma masana'antar ƙera makamai ta DICON da ke Kakuri tun 1964 aikinta na sojoji ne. Sauya gindin bindigar ajin farko a Ingila yana cin dubban fam, ban da sake bin layin takardun fita da dawowa.

Abu na ƙarshe da ake sakawa a lissafi shi ne ranar rabuwa, kuma shi ne wanda masu sha'awa ba sa son ji. Sabuwar bindigar alfarma tana faɗuwa a daraja da zarar ta bar shago, musamman da yake an yanka ta daidai jikin mutum ɗaya. Tsohuwar ma ba ta da tabbas: a 2025 gwamnatin Birtaniya ta sanar da shirin haramta harsashin dalma, kuma da yawa daga cikin tsofaffin bututu ba a gwada su da harsashin ƙarfe da ke maye gurbinsa ba, abin da ke rage masu nemansu. Mai sayarwa ma yana biyan tasa la'adar ga gidan gwanjo, don haka bindigar fam 10,400 ɗin nan sai farashin gudumarta na fam 8,000 ya tashi da fiye da kashi ɗaya cikin uku kafin ka mayar da uwar kuɗinka. A cikin gida kuwa ba ka da ikon sayar wa kowa sai mai lasisi, kuma waɗannan ba su da yawa. Wanda ya saya da niyyar sayarwa ya tuna cewa ta zama hajar kasuwanci, ya tambayi malaminsa hukuncin zakkarta.

Gado ma yana da nasa tsari. Lasisi na mutum ɗaya ne, ba ya shiga rabon gado, kuma dokar ta ba wanda kayan mamaci ke hannunsa kwana 14 kacal ya riƙe bindigar bayan rasuwa. A al'adarmu wannan lokaci yakan ƙare ana tsakiyar karɓar gaisuwa, ba wanda ya tuna da akwatin da ke ɗakin maigida. Don haka ka haɗa lasisin da rasiɗin saye da rahoton gwani da hoton lambar bindigar a fayil ɗaya, ka rubuta ofishin 'yan sandan da za a kai ta ajiya da lambar lauyanka a bangon fayil ɗin, ka nuna wa babban ɗanka ko wasiyyinka inda yake da inda mabuɗin akwatin yake.