Yadda Ake Kafa Tsaron 2-3 Irin Na Jim Boeheim

Jim Boeheim ya horar da ƙungiyar ƙwallon kwando ta Jami'ar Sirakus a Amurka daga 1976 zuwa 2023, shekara 47. Tsaron yanki na 2-3, wato biyu a gaba uku a baya, aka fi saninsa da shi, inda kowane ɗan wasa wuri yake gadi maimakon bin mutum. Da wannan tsaro ya ci kofin jami'o'in Amurka a 2003, da suka doke Jami'ar Kansas 81 da 78.

Fara da zaɓen yara. Tsawon hannu ya fi gudu amfani a nan, musamman ga biyun da za su tsaya a gefe. A daƙiƙun ƙarshe na wasan Kansas, tsawon hannun ɗan wasan Sirakus Hakim Warrick ne ya tare jifan maki uku da zai kawo kunnen doki.

Biyu su tsaya a gaba, sama da layin jifan kyauta (layin da ke gaban kwando, inda wanda aka yi wa laifi ke tsayawa ya jefa), kusa da juna yadda ba za a kutsa tsakaninsu da ƙwallo ba. Mafi tsawo ya tsaya gaban kwando. Sauran biyun su riƙe dama da hagu, amma kada su maƙale a ƙarƙashin kwando kamar yadda aka saba gani. Boeheim ya kasance yana hawa da su har kusan daidai layin jifan kyauta, don su riga mai jifa isa layin maki uku, wanda jifa daga bayansa ke ba da maki uku.

Motsin da ya fi cin lokaci wajen koyarwa shi ne miƙa gadi. Idan aka tura ƙwallo gefe, na gefen ya fito ya tare mai ita, hannu sama. Na gaba da ke ɓangaren ya rugo, ya ce "na karɓa", sannan na gefen ya koma ƙasa. In ya koma tun abokinsa bai iso ba, mai jifa ya samu fili. In kuma ya daɗe a sama, kusurwa ta zama babu kowa. Sa yara biyar su riƙa zagayawa da ƙwallo a waje ba tare da jifa ba, masu tsaro na bin ta, minti 10 a kowane atisaye, har sai kiran ya zama jiki.

Wurin da ake karya wannan tsaro shi ne tsakiyar layin jifan kyauta. Da zarar ƙwallo ta shiga can, dogon ya tako ya tare, na gefe biyu su faɗo su rufe ƙarƙashin kwando, na gaba biyu su buɗe su nemi masu jifa. Yawanci na gefe ne ke makara, sai a zura ƙwallo bayan dogon a ci maki biyu a banza.

Idan ƙwallo ta sauka gefen layin ƙarshe, tsakanin kusurwa da kwando, nan ake ɗana tarko. Dogon da na gefe su yi wa mai ita rubdugu, hannuwa sama, kada su kai masa wawura don alƙali zai busa. Na ɗaya gefen ya tsallako gaban kwando, na gaba ɗaya ya toshe tsakiya.

Sai ƙwallon da ta dawo daga kwando, raunin da ko Sirakus ta sha fama da shi. Tunda babu wanda aka ɗaura wa mutum, yara kan tsaya kallon ƙwallo. Ka kafa doka: ana jifa, kowa ya nemi abokin karawa mafi kusa ya tare shi da bayansa, sannan ya ɗaga ido. Ka fi matsa wa na gefen da ke nesa da mai jifa, domin jifan da aka yi daga gefe guda galibi ɗaya gefen yake faɗawa.