Yadda Malamin Kwaleji Zai Duba Ɗalibarsa a Lokacin Gwajin Koyarwa a Ajin Ƙananan Yara

Malamin da ke horar da malaman ƙananan yara yana raba kwanakinsa tsakanin lacca, duba takardun ɗalibai, tarurrukan sashe da zirga-zirga zuwa makarantun da aka tura ɗalibansa gwajin koyarwa. Ziyarar makaranta ce ta fi nauyi a cikin waɗannan ayyuka, ita ce kuma aka fi yi wa riƙon sakainar kashi, domin sau da yawa malami yakan shiga aji da fom ɗin ba da maki, ya cike gurabu, ya sa hannu, ya wuce makaranta ta gaba.

Aikin yana farawa ne tun kafin ranar ziyara. Ka karɓi tsarin darasin ɗalibar, ka karanta shi da tambaya guda a ranka: me yaran za su yi da hannuwansu? Tun daga Friedrich Froebel, wanda ya raɗa wa makarantarsa suna "kindergarten" a Jamus a 1840, zuwa Maria Montessori, wadda ta buɗe makarantarta ta farko mai suna "Gidan Yara" a unguwar San Lorenzo ta birnin Rum a 1907, tushen wannan fage shi ne cewa yaro ɗan shekara uku ko huɗu yana koyo ne ta hanyar taɓawa, zubawa, jerawa da wasa. Idan ka ga tsarin ya cika da "malama za ta bayyana", ka nuna mata tun da wuri, sannan ku yi yarjejeniya a kan abu guda da za ka sa wa ido.

Idan ka isa, ka fara gaida shugabar makaranta da malamar ajin, domin ajin nata ne, kai baƙo ne. Ka shiga kafin a fara darasi, ka zauna a ƙaramar kujera a gefe, ka bar yaran su gama kallonka. Kada ka sa baki a darasin sai fa idan lafiyar yaro ce a cikin haɗari.

Daga nan, idonka ya fi zama a kan yaran fiye da kan ɗalibar. Muryarta na iya yin daɗi, kayan koyarwarta su yi kyau, amma yaran da ke bakin shimfiɗa sun juya baya suna wasa da igiyar takalmi, kuma wannan shi ne ainihin labarin darasin. Ka rubuta abin da ya faru tare da lokacinsa, ba hukuncinka ba. "Ba ta da haƙuri" hukunci ne da ɗaliba za ta iya musantawa ko ta ji haushinsa. Amma idan ka rubuta cewa da ƙarfe 9:12 ta tambayi wani yaro launin ƙwallo, ta amsa da kanta kafin ya buɗe baki, ta kuma maimaita haka sau uku, ka ba ta abin da za ta iya gyarawa. Binciken masaniyar ilimi Mary Budd Rowe na farkon shekarun 1970 ya nuna cewa malamai kan jira kimanin daƙiƙa ɗaya kacal bayan sun yi tambaya, kuma idan suka tsawaita jiran zuwa daƙiƙa uku, amsoshin yara kan ƙara tsawo, yaran da suka saba yin shiru ma su fara magana.

Ka kuma lura da lokacin da ake tashi daga wani aiki zuwa wani, kamar wanke hannu ko komawa kan tebur bayan labari. A ganina, a nan ne ake gane wadda ta fara iya aji, ba a tsakiyar waƙa ba. Haka nan ka duba yadda take taimakon yaro. Idan yaro yana fama da maɓallin rigarsa, shin takan karɓa ta saka masa, ko takan riƙe masa bakin rigar ya tura maɓallin da kansa? Na biyun shi ne abin da masanin halayyar ɗan Adam Lev Vygotsky yake nufi da tazarar da ke tsakanin abin da yaro zai iya shi kaɗai da abin da zai iya idan an ɗan tallafa masa, kuma ɗalibai da yawa suna rubuta wannan daidai a jarrabawa amma su manta da shi a gaban yaro.

Ku tattauna a ranar, a wurin da yara da malamar aji ba za su ji ba. Ka bar ta ta fara magana, ka tambaye ta wane yaro ne take ganin darasin bai kai gare shi ba, domin amsarta za ta nuna maka ko tana ganin ajin ko kuwa tsarin darasinta kawai take bi. Sai ka karanta mata abin da ka rubuta, ka faɗi abu guda da ta yi daidai tare da dalilinsa, ka zaɓi abu guda da za ta gyara ko da ka ga goma. Maki ya zo a ƙarshe, domin da zarar ta ji shi ba za ta ƙara sauraron komai ba.

Idan ka koma kwaleji, ka mayar da abin da ka gani darasi ga sauran ɗalibai, ba tare da ambaton sunan ɗalibar, na yaro ko na makaranta ba. Hanyar gajeriyar koyarwa da Dwight Allen da abokan aikinsa suka ɓullo da ita a Jami'ar Stanford a 1963 tana da amfani a nan: ɗaliba ta koyar da 'yan ajinsu, su suna matsayin yara, na 'yan mintuna tana gwada dabara guda, a yi mata gyara, ta sake koyarwa. Matsalarta ɗaya ita ce manya da ke kwaikwayon yara sun cika biyayya, don haka ka raba musu matsayi tun farko, wannan ta ƙi zama, wancan ya yi ta tambaya, wata kuma ta yi gum har sai an jira ta. Takardar ziyarar kuwa ka adana ta a fayil ɗin ɗalibar, ka sake karanta ta kafin ziyara ta gaba, sannan ka fara da duba wannan abu guda da kuka yi da ita za ta gyara.