Yadda ake shirya goɗiya don sukuwar gajeren zango

A wajenmu ingarma aka sani da hawa, goɗiya kuwa sai a ɗaure ta a turke tana ta haihuwa. Ni dai abin yana ci mini rai. Black Caviar ta Ostireliya goɗiya ce, sau 25 tana shiga fage ba a taɓa wuce ta ba, har Ascot ta Ingila ta je ta ci a 2012. A Amurka ma tun 2007 gasar Breeders' Cup ta ware wa matan dawaki nasu tseren na gajeren zango. In kana da mai zafin nama a bargarka a nan Jos, ga yadda za ka bi da ita.

Ka fara sanin abin da za ta fuskanta. Zangon mita 1,000 ne zuwa 1,200, wani lokaci 1,400, a fili shimfiɗaɗɗe babu tsallaken shinge. Gwanayen dawaki kan cinye mita 1,000 cikin kusan minti ɗaya, don haka wadda ta yi nawa a farko ba ta da lokacin gyara kuskure.

Daga nan sai likitan dabbobi. Ya duba haƙora da kofato, ya ba ta maganin tsutsa, ya kuma tabbatar ba ta da ciki. Mu mutanen Jos ba mu da uzuri, ga Vom a bayan gida, inda cibiyar binciken lafiyar dabbobi take tun 1924.

Horo shi ne inda aka fi yin ɓarna, kuma gaggawa ce ke jawo ta. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ka ba ta aƙalla wata 2 zuwa 3. Makonnin farko tafiya ce da sassarfa kawai, da sanyin safiya, a ɗan hau gangare a sauko, tunda Allah ya hore mana tuddai. Sai ka ga ta daina haki da wuri sannan ka fara kilisa. Sakin linzami gaba ɗaya kuwa kada ya wuce sau 2 a mako, kuma mita 400 zuwa 600 sun isa. Zuciya da tsoka suna riga jijiya ƙwari. Za ta nuna maka tana son gudu alhali ƙafar ba ta shirya ba. Na taɓa biye wa wata akawal tawa a lokacin hunturu, ƙasa ta bushe ƙamas kamar daɓe. Washegari na shafa bayan ƙafarta ta gaba na ji zafi rau, jijiyar ta kumbura. Wata 6 ban ɗora mata sirdi ba. Tun daga ranar, kullum da asuba sai na bi ƙafafun nan huɗu da tafin hannuna kafin a ba ta ko dusa.

Ka ware ranaku don koyon tashi. A jera ta da wasu dawaki biyu, a tsaya cik, a ba da alama, su zabura, bayan mita 100 a ja. Da murya da cinya za ta koya. Goɗiyar da aka saba wa bulala a layin tashi, hankalinta kan koma kan bulalar.

Abinci: harawa mai kyau ita ce tushe, hatsi a ƙara sannu a hankali cikin kwana 7 zuwa 10, ruwa kada ya yanke. Ka kuma riƙa rubuta ranakun da take neman namiji, domin abin kan zagayo kusan duk kwana 21, kuma wasu kan rikice a lokacin. In ya zo daidai da tsere, a nisanta ta da ingarmu.

In Abuja za ku sauka don tsere, ku je da 'yan kwanaki a hannu. Jos tana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, zafin Abuja zai iya karya ta.

Ranar tsere, hatsi na ƙarshe ya kasance awa 4 kafin hawa. A zagaya da ita minti 15 jiki ya sake, a sake duba majanyi. Bayan an gama kada a ɗaure ta nan take: a sauke sirdi, a kwara mata ruwa a wuya da ƙirji da ƙafafu, a yi ta jan ta a hankali tana kurɓar ruwa kaɗan-kaɗan har numfashinta ya daidaita.